Amazon ECS a kan injinan EC2: sharhi kan girkawa da saiti

Tun watan Afrilu na 2015 da Amazon ta buɗe ECS, sabis ɗinta na gudanar da kwantenoni (manhajojin da aka naɗe tare da duk abin da suke buƙata don gudana), ga kowa, aikinsa ɗaya ne: ka ba shi gungun injina, ka faɗa masa kwantenar da kake so da adadinta, shi kuma ya nemo wa kowace wurin zama, in ɗaya ta mutu ya tayar da wata a madadinta. Manyan hanyoyin amfani da shi biyu ne. Akwai Fargate, wanda ya zo a ƙarshen 2017, inda ba ruwanka da inji kwata-kwata. Akwai kuma tsohuwar hanya, inda kwantenonin ke zaune a kan injinan EC2, wato kwamfutocin haya na Amazon, da kai ka kunna, kai kake kula da su. Kan wannan ta biyun sharhin nan ya tsaya. Hukuncin a taƙaice shi ne, ɓangaren da ke rarraba aiki abin dogaro ne kuma bai da wuyar koyo, amma injin yana nan a wuyanka, kuma idan saiti ya karkace ECS ba ya ihu. Shiru kawai za ka ji, sai ka bi sawu da kanka.

Abin da ke haɗa inji da gungu wata 'yar manhaja ce da ake kira wakilin ECS, wadda ita ma a cikin kwantena take gudana. Kana iya girka ta da hannu a kan Linux ɗin da ka ga dama, amma in babu dalili mai ƙarfi, wahalar banza ce. Amazon na fitar da hoton inji na musamman, wato kwafin da ake kunna sababbin injina daga gare shi, wanda Docker (manhajar da ke gudanar da kwantenoni) da wakilin suke ciki tun daga gida, a kan Amazon Linux 2023 ko Bottlerocket. Kada ka kwafe lambar hoton ka manna a saiti, domin tana canzawa daga yanki zuwa yanki, tana kuma tsufa. Ka riƙa ɗauko ta daga ma'ajiyar SSM, a /aws/service/ecs/optimized-ami/amazon-linux-2023/recommended, sai kullum ka samu sabuwa.

A kan Amazon Linux, saitin wakilin duka a fayil ɗaya yake, /etc/ecs/ecs.config, kuma layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne ECS_CLUSTER da sunan gungunka. Ana rubuta shi ne a cikin umarnin da inji ke karantawa a tashinsa na farko. Wanda ya manta da wannan layi, injinsa zai nemi shiga gungu mai suna default, shi kuma yana can yana kallon gungunsa fayau babu kowa. Ga wani tarko a nan ga masu girka wakilin da hannu: idan ka sa systemctl start ecs a cikin umarnin tashin farko, komai zai tsaya cik. Sabis ɗin ecs yana jiran umarnin ya ƙare kafin ya tashi, umarnin kuma yana jiran sabis ɗin ya tashi kafin ya ƙare. Maganinsa ƙara --no-block a kan layin.

Inji ya tashi amma bai bayyana a gungu ba? Kusan kullum ɗaya daga abu uku ne. Na farko izini. Dole injin ya sa rigar izini ta IAM (tsarin izini na Amazon) mai ɗauke da dokar AmazonEC2ContainerServiceforEC2Role, in ba haka ba wakilin ba shi da ikon rajista. Na biyu hanya: wakilin ne ke kiran ECS ta ƙofa ta 443, ba ECS ke kiransa ba, don haka injin da ke ɓoyayyen sashen sadarwa yana buƙatar NAT, wato mashigar fita intanet, ko kuma mashigai uku na cikin gida, wato ecs da ecs-agent da ecs-telemetry. Na uku ya fi cin lokaci saboda ba a zato. Wakilin yana ajiye bayanin kansa a /var/lib/ecs/data, har da sunan gungun da ya shiga. Idan aka canza wa injin da ya riga ya yi rajista gungu, wakilin zai karanta tsohon bayanin, kuma tunda gungun da aka nuna masa ya saɓa da wanda ke ajiye, sai ya ƙi tashi. A goge abin da ke cikin wannan jaka kafin a sake tayar da wakilin. Duk ukun ana ganinsu a /var/log/ecs/ecs-agent.log, kuma kiran localhost:51678/v1/metadata daga cikin injin zai nuna maka gungun da wakilin yake ganin yana ciki. A allon Amazon kuwa babu abin da zai nuna, tunda a wurinsa injin bai ma wanzu ba. Wannan rauni ne na gaske ga sabon shiga.

Rigunan izinin nan uku ne, kuma ruɗa su ya fi komai yawa. Ta injin ita ce wadda aka ambata. Ta biyu ita ce rigar tayar da aiki (aiki shi ne kwantena ɗaya ko fiye da ECS ke tayarwa tare), wadda ake amfani da ita wajen jawo hoton kwantena daga ECR, ma'ajiyar hotunan kwantena ta Amazon, da ɗauko kalmomin sirri daga Secrets Manager kafin kwantenar ta fara numfashi. Ta uku ita ce rigar aikin kansa, wadda manhajarka ke sawa idan za ta taɓa S3 ko DynamoDB. Saboda haka in aiki ya mutu tun bai tashi ba, duba ta biyu. In ya tashi lafiya sannan ya ce an hana shi karanta wani abu, duba ta uku. Abin da ya kamata a guje masa shi ne tara duk izini a kan rigar injin don a huta, domin kwantenar da ta iya kai wa adireshin 169.254.169.254 tana iya ɗaukar makullan injin ta yi abin da ta so da su. Ga ayyukan da ke kan tsarin sadarwa na awsvpc, wanda bayaninsa ke tafe a ƙasa, ECS_AWSVPC_BLOCK_IMDS=true yana toshe wannan kafa.

Zaɓin tsarin sadarwa shi ne wurin da ya cancanci a zauna a yi tunani, domin shi ke yanke yawan kwantenar da inji zai ɗauka. A tsarin bridge, duk kwantenoni suna raba adireshin injin. Idan ka kafe ƙofar inji a 80, kwafi ɗaya tak zai zauna a kowane inji, na biyu zai tarar an riga shi. Sa 0 a ƙofar inji, sai Docker ya zaɓo wata daga manyan lambobi, daga 32768 zuwa sama, ECS kuma ya sanar da mai raba zirga-zirga (load balancer). Sai dai katangar tsaron injin dole ta buɗe wa mai rabon wannan zango gaba ɗaya. Wanda ya buɗe 80 kaɗai zai ga kwantena ta tashi, gwajin lafiya ya faɗi, an kashe ta, an tayar da wata, haka dai ba iyaka, alhali manhajar lafiyarta ƙalau.

Tsarin awsvpc ya fi tsabta. Kowane aiki yana samun katin sadarwarsa da adireshinsa da katangarsa, ba ya cuɗanya da maƙwabta. Amma katunan da inji zai iya ɗauka ƙididdigaggu ne. Inji irin m5.large yana da gurbi 3, ɗaya na injin kansa ne, saura 2. Wato inji mai ƙwaƙwalwa (CPU) 2 da memori gigabayit 8 zai ƙi karɓar aiki na uku ko da ƙananan ayyuka ne da ba su ci komai ba, kuma dalilin da za ka gani shi ne RESOURCE:ENI. Kunna awsvpcTrunking a saitin asusu yana ɗaga wannan adadi zuwa 10 a kan m5.large, amma injinan da aka kunna bayan an sa saitin ne kaɗai ke amfana, kuma ba kowane nau'in inji ke karɓarsa ba. Wani abin lura: aikin awsvpc a kan EC2 ba ya samun adireshin waje, ko da injin nasa yana da shi. In yana buƙatar fita intanet, sai ta NAT.

Lissafin memori ma yana da nasa sharaɗin. Injin da aka rubuta masa gigabayit 8 ba ya miƙa wa ECS megabayit 8192 cif, domin Linux ya riga ya ɗebi nasa. Ayyuka biyu masu neman 4096 kowanne ba za su shiga ba: ɗaya zai zauna, ɗayan ya tsaya a waje da saƙon cewa babu injin da ya cika sharuɗɗa. Ka duba ainihin adadin da injin ya yi rajista da shi, ka raba daga nan. Yana da kyau kuma ka ware wa wakilin da sauran manhajojin injin 256 ko 512 ta ECS_RESERVED_MEMORY, domin in kwantenoni suka cinye komai, wakilin kansa na iya faɗuwa, injin ya yanke da gungu. A takardar aiki, wato inda ake rubuta wa ECS bayanin kwantenar da zai tayar, akwai iyaka iri biyu. Ta memory mai tsauri ce, kwantenar da ta haura ta kashe ta ake yi nan take, ta bar lamba 137. Ta memoryReservation kuwa kason da aka ware ne, ana iya wuce shi in akwai sarari. Sa duka biyun ya fi, ta biyun kusa da abin da manhajar ke ci a kullum, ta farkon sama da ita da rata. Ƙwaƙwalwa ana auna ta da 1024 a kan kowace guda, kuma a matakin kwantena rabo ne da ke aiki idan an yi cunkoso kawai.

Kurakuran jawo hoto ba su da wuyar ganewa. CannotPullContainerError a ɓoyayyen sashe yawanci rashin mashigar S3 ne, domin ainihin sassan hoton ECR a S3 suke, mashigan ecr.api da ecr.dkr kaɗai ba su isa ba. Hoton da aka gina don x86 kuma ba zai gudana a injin Graviton mai ƙwaƙwalwar ARM ba, exec format error za ka gani. Abin da ke da ciwo shi ne aikin da ya tsaya ba ya daɗewa a allo, bayan kamar awa ɗaya ya ɓace da dalilin mutuwarsa. Ka haɗa awslogs tun ranar farko, ka tabbata rukunin bayanan da ka ambata yana nan a CloudWatch, domin in babu shi kuma ba ka ba da izinin ƙirƙirarsa ba, kwantenar ba za ta tashi ba.

Faifai yana cika a hankali ba a sani ba. Hoton injin yana zuwa da gigabayit 30. Wakilin yana barin matattun kwantenoni awa 3 kafin ya share, yana duba tsofaffin hotuna duk minti 30, yana cire 5 kacal a kowane zagaye. Ga mai sakin sabon salo sau ɗaya a mako wannan ya wadatar. Ga mai ayyuka gajeru ɗaruruwa a yini, ko hotuna masu nauyi, faifan zai toshe kafin mai shara ya iso. A rage ECS_ENGINE_TASK_CLEANUP_WAIT_DURATION zuwa minti 15 ko 20, a ƙara girman faifan.

Ƙara injina da rage su ya gyaru sosai tun zuwan masu samar da gurbi a ƙarshen 2019. Kana haɗa gungu da rukunin Auto Scaling, ka ba da kason cikar da kake so. In ka sa 100, babu inji ko ɗaya na jiran ko-ta-kwana, duk sabon aiki zai jira a kunna inji, a yi rajista, a jawo hoto, mintuna ke nan. In ka sa 80, kana biyan sararin da ba kowa a ciki, amma aiki na samun wuri nan take. Ragewa yana ɗaukar kimanin minti 15 kafin ya fara, da gangan aka yi shi haka. Sai a kula: sabis ɗin da aka ƙirƙira da nau'in tashi na EC2 kai tsaye, ba ta mai samar da gurbin ba, aikinsa ba ya shiga layin jira, faɗuwa yake yi in babu wuri. Haka kuma in ba a sa dabarar binpack ba, wato ta cika inji ɗaya kafin a wuce na gaba, ayyuka kan warwatsu ɗaya-ɗaya a injina da yawa, babu injin da zai zama fanko balle a kashe shi.

Wannan lissafin ne ke dawowa a ranar sakin sabon salo. Saitin asali yana cewa kada masu lafiya su gaza kashi 100, kada jimilla ta wuce kashi 200, ma'ana sai sabuwa ta tashi kafin a taɓa tsohuwa. A gungun da ya cika maƙil, sabuwar ba ta da wurin zama, tsohuwar ba za a kashe ta ba, sai a yi ta zaman jiran juna. Ko dai a bar sarari, ko a sauke ƙasan zuwa 50. Manhaja mai jinkirin tashi tana buƙatar healthCheckGracePeriodSeconds, wato rangwamen lokaci kafin gwajin lafiya ya fara aiki a kanta, wanda asalinsa 0 ne. Wajen tsayawa, ana aika wa kwantena SIGTERM, a jira daƙiƙa 30, sannan a kashe ta da ƙarfi, don haka manhajar ta iya rufe ayyukanta cikin wannan lokaci. Masu amfani da injinan Spot, masu araha waɗanda Amazon ke iya karɓe su a kowane lokaci, su sa ECS_ENABLE_SPOT_INSTANCE_DRAINING=true, domin gargaɗin minti 2 da ake bayarwa ya isa a kwashe ayyuka in wakilin yana saurare.

Wa ya dace da wannan hanya? Mai kaya masu gudana dare da rana da nauyi sananne, ko mai buƙatar GPU, ko mai son cusa ƙananan kwantenoni da yawa a inji ɗaya, zai ci riba a nan, kuma abin da zai koya bai kai rabin na Kubernetes, wani tsarin gudanar da kwantenoni, ba. Takardar aikin ECS dai ba ta aiki a wajen Amazon, duk wanda ke tunanin ƙaura wata rana ya sa wannan a lissafi. Ƙaramar tawaga mai sabis biyu ko uku, wadda ba ta da mai sauya hoton inji duk wata don toshe ɓarakar tsaro, gara ta fara da Fargate. Takardar aikin kusan iri ɗaya ce matuƙar an rubuta ta a kan awsvpc, don haka in nauyi ya ƙaru ana iya dawo da ita kan EC2 ba tare da sake gini daga tushe ba.