Sharhi: tukunyar kashe gobara mai kilo 2 da ta yi min rana a akori-kurata

Gaskiya ba don tsoron wuta na saye ta ba. Don 'yan rod-sefti na saye ta. Duk direban da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san tambayoyin da ake jero masa idan aka tsayar da shi: lasin, takardun mota, safaya taya, alamar nan mai kusurwa uku, sai kuma "ina faya?", wato tukunyar kashe gobara. Na gaji da neman afuwa a bakin titi, shi ya sa wata rana na shiga shagon masu sayar da kayan kashe gobara na ce a ba ni wadda za ta raba ni da magana. Mai shagon ya tambaye ni irin motar, na ce akori-kura ce mai shan dizal, ina ɗaukar hatsi daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau. Ya ce to ba mai kilo 1 ba ce tawa, ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗura ta ce ƙaramar mota kilo 1, akori-kura kilo 2. Na ɗauka dabarar ciniki ce kawai, sai daga baya na tabbatar haka yake. Na biya ina ƙunƙuni, duk da kuɗin bai kai rabin abin da nake zuba wa tanki a fita ɗaya ba.

Ja ce, mai gari a ciki, irin wadda aka rubuta wa A B C a jiki. A na nufin wutar itace da takarda da tsumma da katifar kujera, B wutar fetur da dizal da baƙin mai, C kuma wutar iskar gas. Garin ba ya ɗaukar lantarki, saboda haka ana iya fesa shi a kan wayoyin mota ba fargaba. Tana da ɗan agogo a wuya mai allura, kore a tsakiya, ja a gefe da gefe, da fil ɗin ƙarfe da aka ɗaure da roba don kada hannun ya matsu da kansa. An haɗo ta da wani ƙarfen maƙalawa mai ɗamara. Wannan ƙarfen na jefar da shi a gareji, ita kuma tukunyar na cusa ta bayan kujera, cikin igiyoyi da tamfol da jak. Ta yi wata bakwai ko takwas a nan, ban da ranakun da na zaro ta na ɗaga wa ma'aikaci ya gani ta taga.

Ranar da abin ya faru lokacin kaka ne, iskar hunturu ta fara busawa. Mun ɗauko buhunan masara, an ɗora harawa dami kaɗan a sama saboda tumakin gida. Ɗan ƙanena ne yake bi na a matsayin yaron mota. Mun baro hanyar burji mun hau kwalta ke nan, wajen la'asar sakaliya, na kunna fitilun da na sa aka ƙara min a saman rufi saboda ƙura ta rufe gaba. Ba mu yi minti biyu ba yaron ya ce, "Baffa, ba ka jin ƙauri?" Na ce ƙila masu ƙona gona ne. Ya ce, "A'a Baffa, ƙaurin roba ne." Kafin ya rufe baki hayaƙi ya fara bulbulowa daga gefen bonet, ta ɓangaren batir, fari-fari da farko, sannan ya koma baƙi.

Na gangara gefe, na kashe mota, na zare makulli. Wannan kaɗai na yi daidai ba tare da tunani ba. Sauran duk kame-kame ne. Na ja abin buɗe bonet daga ciki, na fito, sai na tuna tukunyar tana bayan kujera. Kujerar ba ta kwantuwa sai an ja wani ƙarfe da ya daɗe da cijewa. Ina ja, yaron yana ja, igiya ta naɗe wuyan tukunyar, jak ya danne ta. Ban san daƙiƙa nawa muka ɓata ba, amma a raina kamar shekara. Lokacin da na fito da ita fentin bonet ya fara kumbura yana yin ƙuraje.

A nan ne wani direban babbar mota da ya tsaya a bayanmu ya cece ni daga wauta. Na kai hannu zan ɗaga bonet gaba ɗaya, ya daka min tsawa: "Malam kar ka buɗe! Ta ƙasa, ta ƙasa!" Ashe idan ka wangale bonet iska ce kake ba wutar, ta tashi ta same ka a fuska. Na bar shi a ɗage kamar faɗin yatsu uku, inda maƙalin tsaro ya riƙe shi, na fizge fil, na sa bakin tukunyar a wannan 'yar kafar, na matsa. Ƙarar ta ba ni tsoro. Gari ya fita da ƙarfi, wani ya shiga, wani iska ta dawo min da shi ido da baki, ɗanɗanonsa kamar an haɗa kanwa da alli. Na saki, na sake matsawa, sau uku ko huɗu. Hayaƙin ya sauya launi ya koma toka-toka, harshen wutar da nake hangowa ta kafar ya ɓace.

To abin da mai shago bai faɗa min ba, kuma shi ne babban abin da nake so mai karatu ya riƙe: tukunyar kilo 2 ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 'yan kai idan ka matse ta ba sassautawa. Mai kilo 1 ba ta ma kai haka ba. Ni da nake zaton zan tsaya ina fesawa kamar mai ban-ruwa a lambu, sai ga shi kafin in gama salati ta yi sauƙi a hannuna. Da na tsaya nesa ina watsa wa hayaƙi, da ta ƙare a banza. Gindin wutar ake nufa, ana karkaɗa baki hagu da dama, ana matsawa ana saki.

Da muka ɗaga bonet a hankali, sai muka ga wayar tana nan tana ja kamar garwashi, tana ƙoƙarin sake kama robar da ke kusa. Direban nan ya karɓi sifana mai lamba 10 daga hannun yaronsa ya kwance kan batir na baƙar waya. Nan take jan ya mutu. Garin yana kashe harshen wuta, amma ba ya sanyaya ƙarfe kuma ba ya yanke lantarki. Muddin batir na haɗe, wayar da ta haɗu da bodi za ta ci gaba da zafi ko an zare makulli. Na ƙarasa ɗan abin da ya rage a tukunyar a kan wurin, muka ƙara da ƙasa daga gefen titi. Tun ranar sifana mai lamba 10 take zaune a aljihun ƙofata, ba a akwatin kayan aiki ba.

Sanadin kuwa laifina ne da na mai wayarin da ya ɗaura min fitilun. Ya ja waya kai tsaye daga batir bai sa fis ba, ya bi da ita ta wani rami a jikin ƙarfe ba robar kariya. Girgizar hanyar ƙauye ta yi ta goga ta har bawon ya cinye. Na ga lokacin da yake aikin, na kuma ji daɗi da ya gama da wuri da araha. Da akwai fis na 'yan nairori kusa da batir, shi zai tsinke, fitila ta mutu, shi ke nan. Duk mai akori-kurar da ya ƙara fitila, ko rediyo mai manyan lasifikoki, ko hon na babbar mota, ya buɗe bonet ya bi wayar da ido, ya ga ko akwai fis tsakaninta da batir.

Yanzu ga abin da ban ji daɗinsa ba. Garin yana shiga ko'ina. Ya shiga cikin altaneta, ya shiga mahaɗar wayoyi, ya kwanta a kan injin kamar an zazzage buhun fulawa. Bakanike ya gargaɗe ni kada in bar shi ya kwana biyu, domin idan ya sha danshi yana cin ƙarfe da tagullar waya. Sai da aka hure shi da iska, aka goge, sannan aka wanke. Wannan wahala ce, amma wahalar mai mota ce, ba ta wanda motarsa ta zama toka ba. Na tambayi masu sayarwa game da ɗaya nau'in mai iskar kabon, wadda bakinta yake da faɗi kamar kakaki, wadda ba ta barin datti. Tana da kyau a ofis ko ɗakin kwamfuta. A fili kuwa, a bakin titi da iskar hunturu, iskar takan kwashe ta kafin ta yi aiki, ga nauyi, kuma ba ta da ƙarfi a kan wutar kujera ko kaya. Na zauna a kan mai garin.

Abu na biyu, da zarar ka matsa ta ko sau ɗaya ne, ta tashi daga aiki sai an sake cika ta. Gari yana maƙalewa a bakin bawul, iskar da ke tura shi ta riƙa sulalewa a hankali, bayan kwana kaɗan allura ta faɗo ja ko da rabin garin na ciki. Masu cewa "bari in ɗan gwada in ga tana aiki" su sani sun kashe ta ke nan. Na mayar da tawa shagon aka cika, aka sa sabon fil da sabuwar roba, aka manna takarda mai kwanan wata. Na tsaya a kansu har aka gama, domin na sha jin labarin masu hura iska kawai su miƙo maka.

Sai kuma girmanta. Ta ishe ni ne don wutar tana ƙarama kuma tana wuri ɗaya. Da ta tsallaka ta kama harawar da ke baya, kilo 2 ko kallo ba za ta ishe ta ba. Busasshiyar ciyawa da kara da auduga suna ci ne ta ciki, ka kashe sama ƙasa na ci, wannan sai ruwa mai yawa da sauke kaya. Shi ya sa nake ganin ƙa'idar kilo 2 mafi ƙaranci ce kawai ga mai ɗaukar irin kayanmu. Na ƙara sayen mai kilo 6 na ɗaure ta a bodi, jikin bangon da ke bayan gidan direba, na yi mata rumfa da guntun tamfol saboda rana da ruwa. Ina kuma tafiya da jarkar ruwa mai lita 25, amma ta kaya ce, ba ta mai ba. Ruwa a kan wutar fetur yaɗa ta yake yi, man ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara.

Da yake an zo maganar fetur: mu masu dizal muna da wani sakaci, wai dizal ba ya kamawa. Gaskiya ne ba ya kamawa da sauri kamar fetur, sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya ɗauki wuta, alhali fetur ko a sanyin asuba tururinsa a shirye yake. Amma dizal ɗin da ya ɗiga a kan salansa mai zafi ya riga ya samu abin da yake nema. Kuma yawancinmu muna ɗauke da jarkar fetur ta injin ban-ruwa ko janareta a baya. Ga ciyawar da ke naɗewa a ƙarƙashin mota idan an ratsa gona bayan girbi, ta manne a jikin salansa ta bushe ƙarau. Yanzu duk fitowa daga gona sai yaron ya leƙa ƙasa da sanda ya zaƙulo ta.

Ƙananan gwangwanayen nan masu kumfa da ake tallatawa a cikin cunkoson motoci, masu kama da maganin sauro, na taɓa riƙe ɗaya kafin wannan. Ba agogo a jikinsu, ba yadda za ka san ko da rai ko babu. Wata rana na gwada nawa a kan tarin shara a bayan gida, ya yi tsartuwa kamar mai tofar da yawu ya tsaya. Mai son ya nuna wa ma'aikaci wani abu ja, to ga shi nan. Ni dai ba zan tsaya gaban injin da ke ci da shi a hannu ba.

Idan za ka saya, duba allura tana kan kore, fil da robarsa ba a taɓa su ba, jikin ba tsatsa ba lotsawa, kwanan watan da aka yi ta yana karantuwa. Ka juya ta kai ƙasa ka kara kunne, ya kamata ka ji garin yana zubowa a hankali kamar rairayi. Idan shiru, ya dunƙule. Girgizar mota tana danne garin ya zama kamar dutse a gindi, shi ya sa nake juya tawa ina bubbuga ta da tafin hannu duk farkon wata. A jikin tawa an rubuta tana jure zafi har digiri 60, saboda haka ba na barin ta inda rana ke dukanta ta gilashi, musamman a watan Afrilu da mota a rufe take zama tanda.

Ƙarfen maƙalawar da na jefar a gareji na je na tono shi a cikin tarkace. Mai walda ya ɗaure min shi da noti biyu a ƙasan kujerar fasinja, ta gaba, inda hannuna ke kaiwa ina zaune a kan sitiyari. Na sa yaron ya gwada cirewa idonsa a rufe, ɗamara ɗaya ake ɓallewa ta faɗo hannu. Lambar 112 ta gaggawa da 122 ta rod-sefti na rubuta su da fenti a cikin murfin aljihun gaba, don ranar nan da direban ya ce a kira 'yan kwana-kwana, ni da yaron kallon juna muka yi. Bonet ɗin har yau ban sake masa fenti ba, tabon yana nan kamar faɗin faranti a gefen batir, kuma duk wanda ya tambaye ni a Dawanau sai na buɗe masa ya ga inda sabon fis ɗin yake.