Gidan Tuwon Shara Mansur da Hidimar Bibiyar Zaɓen 'Yan Majalisar Wakilai na Kano

A cikin gidajen abincin Hausawa da ke lungunan Shara Mansur a Makka, akwai wani gidan tuwo da ya yi suna a wajen Kanawa saboda wata hidima da ba ta cikin jerin abincinsa, wato bibiyar sakamakon zaɓen Najeriya mazaɓa bayan mazaɓa. Ba zan ambaci sunan gidan ko na mai shi ba, domin dattijo ne da ba ya son a riƙa yawo da sunansa a intanet. Abin da nake son aunawa shi ne yadda gidan ya gudanar da wannan hidima a zaɓen ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, musamman ta fuskar kujerun majalisar wakilai na Jihar Kano, da kuma ko ya cancanci mutum ya bar ɗakinsa ya je can a irin wannan rana.

Dokar Najeriya ba ta ba mazauna ƙasashen waje damar jefa ƙuri'a daga inda suke ba, saboda haka rabonmu a nan bai wuce saurare da kiran waya gida ba. Tashoshin talabijin da muke kamawa kuwa hankalinsu yana kan zaɓen shugaban ƙasa, kujerun majalisar wakilai 360 sai dai a ga suna wucewa a ƙasan allo cikin ƙananan haruffa. Alhali ɗan majalisar wakilai shi ne wanda 'yan uwanmu a gida suka fi sanin ƙofar gidansa, shi ake tambaya batun rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa da takardar neman aiki. Kano tana da kujeru 24 a wannan majalisa, daidai da Legas, kuma babu jihar da ta kai su biyun. Mutumin Rano da ke aikin gini a Makka ya fi ƙaguwa ya ji wanda ya ci Rano da Bunkure da Kibiya fiye da jin jimillar ƙuri'un wata jiha mai nisa, kuma wannan giɓi ne gidan tuwon ya cike.

Tsarin da suka yi ba shi da wani ƙawa. An rataye farin allo a bangon da ke fuskantar ƙofa, an jera mazaɓun 24 da alƙalami mai kauri, tun daga na cikin birni masu ƙaramar hukuma guda, irin su Dala da Gwale da Fagge da Tarauni, har zuwa waɗanda suka haɗa ƙananan hukumomi uku kamar Kura da Madobi da Garun Malam. A ƙarƙashin allon wani matashi, ɗan ƙanen mai gidan, ya zauna da kwamfutar tafi-da-gidanka yana buɗe shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, inda ake ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ɗauka. Tunda agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, kuma rumfuna da yawa sun wuce ƙarfe 2:30 na rana da aka tsara rufe layi, sai bayan sallar isha'i hotunan suka fara taruwa. Sanannen abu ne cewa a ranar sakamakon shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa shafin, abin da hukumar ta danganta da tangarɗar na'ura, yayin da takardun 'yan majalisa suka riga shi fitowa, don haka aikin matashin ya samu abin kamawa tun da wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da mai gidan ya kafa, cewa ba za a rubuta sunan kowa a allon ba sai baturen zaɓen mazaɓar ya bayyana shi a hukumance. Saƙonnin WhatsApp sun yi ta shigowa, kowa yana ɗaga wayarsa yana rantsuwa cewa ƙaninsa ne wakilin jam'iyya a wurin tattara sakamako, amma matashin bai taɓa alƙalamin ba. Abin da yake yi wa mutum shi ne ya nemo masa takardar rumfarsa. Na ga wani dattijo ɗan Kiru, mai sayar da carbi da darduma, ya matso ya faɗi sunan gundumarsa da makarantar firamaren da ake kafa akwatin. Matashin ya lalubo takardar, ya ƙara girman hoton har aka ga hatimi da sa hannun wakilan jam'iyyu, ya ce, "Baba, ga ta rumfarku, bari in karanto muku a hankali." Dattijon ya sa aka maimaita masa alƙaluman, ya kwatanta da waɗanda ɗansa ya faɗa masa a waya, ya ga sun yi daidai, sannan ya koma kan tuwonsa da ya riga ya huce. Daga baya ne aka rubuta sunan Abdulmumin Jibrin na NNPP a layin Kiru da Bebeji.

Wannan tsantseni yana da tsadarsa. Shafin hukumar hotuna yake nunawa rumfa-rumfa, ba ya haɗa jimilla, kuma babu yadda mutum ɗaya zai tara ƙuri'un dubban rumfunan ƙananan hukumomi 44 a dare guda, musamman da yake wasu hotunan sun fito dishi-dishi. Saboda haka allon ya kwana kusan fayau, ya riƙa cika a hankali cikin kwanakin da suka biyo baya, har aka ga NNPP ta kwashe mafi yawan kujerun, APC kuma ta riƙe wasu kamar Bichi. Masu gajen haƙuri sun yi ƙorafin cewa a Facebook an gama komai tun tsakar dare. A ganina jinkirin shi ne darajar hidimar, kuma mazaɓar Tudun Wada da Doguwa ta nuna haka. An fara bayyana Alhassan Ado Doguwa na APC, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar, daga baya hukumar ta cire sunansa ta ce sai an kammala zaɓen. Matashin ya goge layin ba tare da jayayya ba, ya bar shi babu suna tare da na Fagge har zuwa zaɓen cike giɓi na 15 ga Afrilu, wanda ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, inda Doguwa ya sake yin nasara. Ya kuma yi wa masu tambaya bayanin dalilin da ake cewa zaɓe bai kammala ba, wato idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba.

Ta fuskar oda ma gidan ya yi ƙoƙari. Mai gidan ya san cewa ƙasar nan ba ta lamuntar taron siyasa, don haka tun daga ƙofa yake roƙon kowa ya sa hular jam'iyyarsa a aljihu, ja ce ko wata iri, kuma da murya ta fara tashi sai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, baƙi muke a nan." Ban ga wanda ya ƙi ji ba.

Inda gidan ya gaza shi ne wajen zama da abinci. Ɗakin ƙarami ne, na'urar sanyaya shi ba ta iya ɗaukar cunkoson, kuma babu ɓangaren iyali, wanda hakan ya sa mata, da yawansu Kanawa ne masu bin siyasar gida fiye da mazajensu, suka riƙa aiko yara su karanto musu allon. Tuwon shinkafa da miyar kuka sun yi daɗi kamar kullum, tsiren ma ya ji ƙuli da yaji, amma miyar taushe ta ƙare tun kafin dare ya raba, shayi kuma sai mutum ya gaji da jira saboda masu kawo shi su ma idonsu yana kan allon. Ba a karɓar kuɗin zama, farashin bai ɗara na sauran ranaku ba, sai dai kunya ba ta barin mutum ya tsare kujera awa huɗu a kan kofi guda. Intanet ɗin gidan ya yi ta yankewa da mutane suka yi masa yawa, har sai da matashin ya koma amfani da layin wayarsa. Mutanen Katsina da Jigawa da Sakkwato kuma sun yi gunaguni, kuma da gaskiyarsu, domin ba a ware musu ko kusurwar allo ba, sai dai a duba musu idan layin Kanawa ya ragu.

Wanda zai je a zaɓe na gaba ya isa kafin magariba idan yana son kujera, ya kuma sa a turo masa lambar rumfarsa da ke jikin katin zaɓe, wadda take farawa da 19 ga 'yan Kano, sai lambar ƙaramar hukuma da ta gunduma da ta rumfa. Da wannan lamba nemo takardar ba ya ɗaukar lokaci, amma wanda ya zo da kwatancen "bayan gidan mai unguwa" zai daɗe a tsaye, ya kuma tsayar da na bayansa.