Injin fetur, famfon ƙafa ko na sola: wanne za ka saya don ban ruwa?

Tun da damina ta fara saɓa alƙawari, wata shekara ta zo a makare, wata ta ɗauke ana tsakiyar fitar kai, manomi da yawa suka gane cewa jiran sama kaɗai ba zai ƙara ciyar da gida ba. Sai a koma rijiya ko kogi, kuma nan take tambaya ta taso: da me za a ɗaga ruwan? Ba ƙaramar tambaya ba ce, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba, noma ne ke shanye shi. Na yi aiki da iri uku, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata na wajen sola.

Famfon ƙafa, wanda ya yaɗu daga Bangaladesh a shekarun 1980, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, amma gwiwarka ce man nasa. In lambunka ɗan ƙarami ne, bismilla. In ya wuce haka, bar shi.

Injin fetur ko na dizal shi ne wanda kowa ya sani. Sauƙin kuɗi ranar saye, ka ɗaure shi a bayan babur, kowane bakanike ya iya kwance shi, kuma yana turo ruwa da ƙarfi ko da tsakar dare ne. Sai dai ranar sayensa ce kaɗai ranar daɗi. Daga nan kullum hannunka na aljihu: mai, baƙin mai, fulogi, gyaran kabireta. Kowace litar fetur da ka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuwa kusan 2.7, wato kana ba gonarka ruwa da abin da ke ƙara dagula daminar da ta sa ka sayi injin. Akwai kuma iyakar da masu sayarwa ba sa son faɗa: duk injin da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, ba zai zuƙo daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8 ba, kome girmansa. Ba laifin injin ba ne, nauyin iska ne ke turo ruwan cikin mesa, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. Ruwan ƙasa na yin ƙasa, injinka ya zama abin kallo.

Famfon sola fa? Farashin farantan da ke mayar da hasken rana wutar lantarki ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa abin da a da sai manyan gonaki yanzu ya zo hannun ƙaramin manomi. Indiya ma ta ƙaddamar da shirin PM-KUSUM a 2019 don tallafa wa manomanta su koma kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aikinsa ya dace da buƙata: ranar da rana ta fi ƙuna, shuka ta fi jin ƙishi, ranar ce kuma famfon ya fi turo ruwa. Babu ƙara, babu warin mai, babu tashi da asuba neman galan. Wanda ake nutsawa cikin rijiyar burtsatse turo ruwan yake yi daga ƙasa, saboda haka iyakar mita 8 ba ta shafe shi ba. Faranti na ƙwarai kan zo da garantin shekara 25, cewa har lokacin zai riƙa ba da kusan kashi 80 na ƙarfinsa na farko. Famfon kansa ba ya kai haka, musamman in ruwan na da yashi, amma wanda motarsa (injin lantarkin da ke juya shi) ba ta da burushi yana jurewa shekaru ba tare da an buɗe shi ba.

Kada ka bari a haɗa maka da batir. Batir shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a cikin tsarin, dalmar da ke cikinsa kuma guba ce in aka yar. Gina tanki a sama, famfo ya cika shi da rana, ka sake ruwa da yamma. Tankin shi ne batirinka.

Kafin ka je wurin mai kaya, ka san abu uku da bakinka: zurfin ruwan lokacin da ake ɗiba (ba lokacin da rijiya ke hutawa ba, domin ruwan kan sauka in an fara ja), tsayin da za a kai shi har bakin tanki, da litar da gonar ke sha a yini. Duk mai sayarwar da bai tambaye ka waɗannan ba, ya ce kawai "wannan zai yi maka", to cinikin biri a sama yake so ku yi.

Wajen sayen faranti ne fa na taɓa ƙonewa. Na sayi faranti huɗu, kowanne an liƙa masa takarda mai sheƙi an rubuta wat 300. Famfo ba ya tashi sai rana ta take, ya kuma mutu tun kafin la'asar. Na zargi famfon, na zargi mai haɗawa, na sake wayoyi. Sai da wani mai gyaran lantarki ya zo da na'urar awo da kuma tef na auna tsayi, ya nuna mini abin da da na sani da ban yi asara ba. Ana auna ƙarfin faranti ne da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, a zafin digiri 25. Farantan kirki da ke kasuwa kashi 20 zuwa 23 na wannan hasken suke mayarwa wuta. Ma'ana murabba'in mita ɗaya ba zai ba ka fiye da wat 200 zuwa 230 ba. Nawa kuwa ko murabba'in mita ɗaya ba su cika ba. Takardar ce kawai ke da wat 300.

Saboda haka ka tafi da tef a aljihu. Auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka su, sannan ka ninka sakamakon da 220. In lambar da aka rubuta ta yi wa sakamakon nisa, juya ka tafi, kome daɗin bakin mai kaya. Faranti mai wat 300 na gaske yakan kai wajen mita ɗaya da rabi a tsawo, mita ɗaya a faɗi, kuma yana da nauyi a hannu. Ka sa a fito da shi rana a auna a gabanka, ba ƙarfin bolt kaɗai ba, domin faranti mai rauni ma yakan nuna bolt daidai. Ambiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, ita ce ke tona asiri. Akwai waɗanda ake cika gefensu da ƙwayoyin bogi, zane ne kawai a ƙarƙashin gilashi: rufe wannan sashe da kwali, in allurar awo ba ta motsa ba, ka gano su. Akwai tsofaffin da aka cire daga wata ƙasa aka goge aka sake musu takarda. Duba bayansu, za ka ga rawaya-rawaya ko tabon ƙuna. Lambar shaida (siriyal) ta farantin gaske yawanci tana cikin gilashi, ba a liƙe a waje ba inda farce zai ɓamɓare ta. Wayar ma ba ta tsira ba: kankare bakinta da wuƙa, in jan ya tafi fari ya fito, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Sunayen da aka sani irin su Lorentz na Jamus da Grundfos na Denmak suna da dillalan da suka amince da su, to nemi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar famfon, ba sunan da aka buga a kwali ba.

Ko na gaske ka samu, kada ka sa ran cikakkiyar lambar da aka rubuta. Zafi na rage masa ƙarfi da kusan kashi 0.4 a kowane digiri sama da 25, ƙura ma haka, inuwar reshe ɗaya kuma kan iya raunana layin gaba ɗaya. Ƙara faranti ɗaya a kan lissafi ya fi dana-sani.

Aibin sola ɗaya ne da nake jin tsoro, kuma daga alherinsa ya fito. Mai injin fetur yana kashewa da zarar gona ta ƙoshi, don mai na ƙarewa. Mai sola ba abin da ke tsawata masa. An ga irin wannan a jihar Punjab ta Indiya, inda wutar kyauta ga manoma ta sa aka yi ta jan ruwan ƙasa har rijiyoyi suka yi ta ƙara zurfi shekara bayan shekara. Don haka in kuɗinka ya kai, haɗa famfon da ban ruwa na ɗigo, wanda kusan kashi 90 na ruwansa ke isa saiwa, alhali malala ruwa a kwari kusan rabi ke tafiya a banza. Da shi ƙaramin famfo ma ya ishe ka, sai dai ka sa matata, don ramukan tiyon ba sa jure laka. Sannan ka nace a sa maka maɓalli biyu: ɗaya a tanki da zai kashe famfo in ya cika, ɗaya a rijiya da zai tsayar da shi in ruwa ya yi ƙasa, kafin motar ta juya a bushe ta ƙone.