A Perl, `lissafa()` ko `&lissafa`?

Ƙanena, a Perl, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, tsakanin kiran sub (wato guntun aikin da ka raɗa wa suna a cikin shiri) da `&lissafa` da kiransa da `lissafa($buhu, $kudi)`, ɗauki na biyun ka huta.

Da shi na rubuta ɗan shirin da kawuna, dillalin albasar Galmi, yake lissafin buhunansa a Tawa. Bayan na dawo Yamai, ɗansa da bai taɓa karatun Perl ba ya buɗe shirin, ya ga kowane kira ga abin da aka miƙa masa nan cikin baka biyu, sai ya ƙara lissafin kuɗin mota da na 'yan dako da kansa. Ko waya bai buga mini ba, sai daga baya kawu yake ba ni labari yana dariya.

Shi kuwa `&` gadon Perl 4 ne, tun fitowar Perl 5 a 1994 aka daina buƙatarsa wajen kira. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma in ka rubuta `&lissafa;` babu baka, Perl ba ta buɗe masa sabon `@_` (jerin abubuwan da aka miƙa wa sub), na wanda ya kira shi take miƙa masa. Ya yi `shift` a ciki (wato ya cire na farkon jerin), ya cinye kayan maigidansa, kuma ba gargaɗin da za ka gani. In ma ka sa bakan, `&` ɗin yana tsallake binciken prototype (ƙa'idar da sub ya gindaya kan abubuwan da za a miƙa masa). Ka bar shi a inda ba makawa, kamar `\&lissafa` da `defined &lissafa`.

Ka fara kowane fayil da `use strict;` da `use warnings;` don Perl ta riƙa kama maka kurakurai, layin farko na sub kuma ya zama `my ($buhu, $kudi) = @_;`. In Perl ɗinka ta kai 5.36 ta 2022, `use v5.36;` kaɗai ya kunna maka duka biyun, har ka rubuta `sub lissafa ($buhu, $kudi)` kai tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da darussa da shirye-shirye a kan kile (USB) a wasu sibar na garin nan. Tsofaffin abubuwa suke kwasowa kyauta a intanet su karɓe maka jikka biyar ko goma, alhali `perldoc perlsub`, jagorar Perl ta kanta a kan sub, ko dala ba ya ci. Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka fayil ɗaya. In ba `use strict` a sama, ga `&` ko'ina, mayar da kuɗinka aljihu.