Gargaɗi ga masu ɗaukar nauyin dabbobi ta intanet

Jama'a, duk mai tausayin dabbobi ya yi hattara da wata damfara da ta yi katutu a Facebook da TikTok da Instagram da YouTube. Shafi za ka gani yana kiran kansa gidan kula da dabbobin da aka ceto. Sai ya sa hoton jaki da gyambo a gadon baya, ko tunkiya mai karyayyar ƙafa, ko ɗan kwikwiyon da ƙazuwa ta cinye wa gashi, ya raɗa masa suna mai daɗi, ya ce ka ɗauki nauyinsa da ɗan wani abu duk wata.

Shi tsarin ɗaukar nauyin ba ƙarya ba ne. The Donkey Sanctuary da Elisabeth Svendsen ta kafa a Ingila a 1969 tana yin sa, haka ma Farm Sanctuary da aka kafa a Amurka a 1986. Kuɗin yana tafiya ne wajen abinci da magani da yankan kofato da sallamar likita. Wannan amanar ce 'yan damfara suka samu suka laɓe a bayanta.

Iri biyu ne. Na farko ko kaza ba su da ita. Hotunan gidajen gaskiya suke sata su canja wa dabbar suna. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Na biyun su ne suka sa na yi wannan rubutu, domin su suna da dabbobin, kuma da hannunsu suke jefa su cikin wahalar da za su ɗauka a bidiyo. Za a tura 'yar kyanwa cikin taɓo, ko a sakar wa kare mesa ta nannaɗe shi, sai ga "mai ceto" ya ɓullo kamar wucewa ya zo yi. Ku tambayi kanku, wa ya kafa kyamarar tun kafin ya iso? Me ya sa dabba tana shure-shure, mai ɗauka yana ta gyara tsayuwa maimakon ya miƙa hannu? In ka bi shafin a natse, sau da yawa za ka ga kare ɗaya, mai farin tabo a goshi ɗaya, an cece shi daga rami, an cece shi daga bakin titi, an sake ceto shi daga juji. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Gamayyar ƙungiyoyin da ake kira SMACC, masu bibiyar cin zalin dabbobi a kafofin sada zumunta, ta fitar da rahoto a 2024: cikin mako shida ta tattara irin waɗannan bidiyoyi har 1,022, waɗanda aka kalla sau miliyan 572, kuma kusan ɗaya cikin biyar suna roƙon kuɗi kai tsaye. YouTube ta haramta ceton bogi tun 2021, amma abin bai mutu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wajen waɗannan mutane lafiyar dabba asara ce. Ranar da jakin ya warke ya yi ɓul-ɓul, ranar kuɗi zai daina shigowa. Don haka ba za a bar gyambon ya warke ba, in kuma ya mutu a nemo wani. Wanda ya tura kuɗi da zuciya ɗaya, bai sani ba, shi ya biya kuɗin wahalar dabba ta gaba.

Kafin ka tura ko sisi, nemi cikakken sunan ƙungiyar da lambar rajistarta, ka je ka duba da kanka a wajen hukumar ƙasar da suka ce suna ciki. A Ingila da Wales akwai rajistar Charity Commission, a Amurka hukumar haraji ta IRS tana da wurin binciken ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma Global Federation of Animal Sanctuaries, wadda aka kafa a 2007 domin tantance irin waɗannan gidaje. Rashin suna a jerinta ba ya nufin gida na bogi ne, don akwai ƙananan gidaje masu gaskiya da ba su kai can ba. Amma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Ka ce ya ɗauko maka dabbar a bidiyo tare da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan yau. Ka nemi sunan asibitin da ke duba ta, ka kira su, in da hali ma ka biya asibitin kai tsaye. Ka saka hoton a Google Lens, manhajar binciken hotuna, ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri da wani suna. Sannan ka koma baya a shafin: ina dabbar da aka tara wa kuɗi wata shida da suka wuce?

In aka ce ka tura ta asusun mutum ɗaya, ko ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko ta sashen 'yan uwa da abokai na PayPal wanda ba shi da kariyar mai biya, ka tsaya. Haka in aka matsa maka da cewa gobe za a kai saniyar mayanka in kuɗi bai cika yau ba. Gaggawar da gangan ake ƙirƙirar ta, don kada ka samu sararin bincike.

Don Allah kada ku yaɗa irin wannan bidiyo, kada ma ku yi sharhi a ƙarƙashinsa ko da zagi ne, domin kowane sharhi ƙara tura shi gaban mutane yake yi, su kuma kallo kuɗi ne a wajensu. Ku kai ƙarar shafin ga kamfanin a matsayin cin zalin dabbobi da damfara. Wanda kuma ya riga ya sa katinsa ana cire masa duk wata, ya tuntuɓi bankinsa yau a dakatar da cirar, ya adana hotunan hirarsu da rasit, ya kai wa hukumar da ke karɓar ƙorafin damfara a ƙasarsa.