Sunderland Mk.I na Italeri a ma'aunin 1/72: kyansa, aibinsa, da yadda ake mayar da shi Mk.II

Short Sunderland jirgin sama ne mai sauka a kan ruwa, wanda Birtaniya ta dogara da shi wajen sintirin teku da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fara tashi ranar 16 ga Oktoba 1937 daga kogin Medway a Rochester, ya shiga aikin soja a 1938. Faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 34, tsawonsa mita 26. Idan aka rage shi zuwa ma'aunin 1/72, wato ƙaramin samfurin filastik da ake haɗawa da hannu wanda ya gaza jirgi na gaske sau 72, zai ba ka kusan santimita 48 a faɗi da 36 a tsawo, don haka tun kafin a buɗe kwali a tanadi inda za a ajiye shi.

Shekaru da dama masu haɗa irin waɗannan samfura ba su da zaɓi sai tsohon samfurin kamfanin Airfix, wanda Mk.III ne, wato nau'i na uku na jirgin, kuma kusan babu komai a cikinsa. Da kamfanin Italeri ya fito da Mk.I a 2012 sai aka samu abin da aka daɗe ana nema, wato gangar jiki mai tsohon yankan ciki. Jirgin da ke tashi daga ruwa yana da wani mataki a ƙasan cikinsa wanda ke taimaka masa ya rabu da ruwa. A Mk.I da Mk.II matakin a tsaye yake kamar an sare shi da wuƙa, a Mk.III kuwa an kwantar da shi ya zama gangara mai laushi. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa duk mai son Mk.II zai fi samun sauƙi idan ya fara daga kwalin Mk.I, domin sake sassaƙa cikin jirgi ya fi dasa eriya wahala nesa ba kusa ba.

Abin da ke cikin kwalin ya gamsar. Ɗakin matuƙa ya cika, akwai siririn farantin tagulla mai ɗauke da ƙananan sassa irin su bel ɗin kujera, akwai tayoyin da ake ɗaura wa jirgin idan za a jawo shi tudu, da maratayan bama-bamai waɗanda a jirgi na gaske ake turo su daga cikin jiki zuwa ƙarƙashin fiffike. Rumfar bindigar hanci ma ana iya barin ta a ja da baya, yadda ma'aikatan jirgin ke yi idan za su ɗaure shi a tasha. Sassan suna haɗuwa ba tare da rigima mai yawa ba.

Babban aibin yana fatar jirgin. Layukan da ke raba faranti da ramukan ƙusoshi sun yi zurfi, sun yi faɗi, har jikin ya yi kama da bangon da aka jera wa tayil. Lissafin mai sauƙi ne: layi mai faɗin milimita 0.3 a samfuri daidai yake da rami mai faɗin fiye da santimita 2 a jirgi na gaske, kuma jirgin da ke zama a kan ruwa ba zai taɓa samun irin wannan gibi ba. A hotunan lokacin yaƙi sai an ƙura ido ake ganin mahaɗar farantan. A ganina wannan gyara ba na ganin dama ba ne, musamman ga wanda zai yi farin fenti, saboda fari yana tona kowane rami.

Ana yin gyaran tun sassan suna warwatse, kafin gam ya taɓa komai. A wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, a bari su bushe. A shafa Mr. Surfacer 500, wani ruwa mai kauri na cike ramuka, da burushi a kan layukan, shafi biyu, a bar kowanne ya kwana. Gaggawa a nan ita ce ke ɓata aiki: wannan ruwan yana ƙanƙancewa yayin da yake bushewa, wanda ya goge shi bayan awa biyu zai ga layukan sun dawo bayan kwana uku, wataƙila a ƙarƙashin fenti. Sai a goge da samfefa mai lamba 600 da ruwa, a bi da 1000, a ƙarasa da 1500, ana naɗe ta a jikin ɗan katako mai lebur don kada yatsa ya yi kwari a filastik. Ba a so layukan su ɓace ɗungum, a bar inuwarsu kawai. Gefunan matakin ciki da kaifin da ya bi tsawon ƙasan jirgin a rufe su da tef kafin guga, don idan suka dakushe siffar kwale-kwalen ta tafi. Fikafikai da gangar jiki za su ci maraice huɗu ko biyar.

Tagogi masu zagaye suna da yawa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuka. Idan aka liƙa su da sufagulu, tururinsa yana sa su yi hazo fari. Idan aka liƙa su sama-sama, ɗaya za ta faɗa ciki ranar da ake cire tef, bayan an riga an rufe jiki, ta yi ta ƙara a ciki ba mai iya fito da ita. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a ajiye gilasan kwalin gefe, a gama fenti gaba ɗaya, sannan a cike kowane rami da gam ɗin Micro Kristal Klear a bakin tsinken sakace. Yana shiga fari, ya bushe garau. Wanda ya fi son gilasan kwalin ya tokare su daga ciki da gam mai haɗi biyu, ya yanka tef ɗin rufewa da abin huda mai zagaye daidai girman tagar.

Kada a ɓata lokaci a ƙawata can cikin jiki, kusan ba a ganin komai ta waɗannan tagogi. Fentin kore mai toka-toka a bango ya wadatar. Nauyi a hanci ma ba a bukata, tunda jirgin yana zama ne a kan ƙafafu biyu masu tayoyi da ɗan keken wutsiya, ba kamar samfurin jirgin Catalina mai tayar gaba ba wadda ke kifewa baya idan ba a cusa mata dalma ba.

Mk.II, wanda aka ƙera guda 43 kacal, ya zo da injin Bristol Pegasus XVIII a madadin Pegasus XXII, amma a wannan ma'auni bambancin bai kai a taɓa injinan kwalin ba. Abin da ido ke gani yana bayan fiffike. Mk.I yana da ramuka biyu a buɗe a saman jiki inda mutum ke tsayawa da bindigar Vickers K. Mk.II na ƙarshe-ƙarshe an cire su an sa rumfa mai juyawa, FN.7, mai bindiga biyu, kuma ba a tsakiya take ba, ta karkata zuwa dama. Na farko-farko sun riƙe ramukan, saboda haka a zaɓi jirgi guda mai lamba sananniya, a nemo hotonsa kafin a ɗauki wuƙa. Idan mai rumfa ne, a toshe ramukan da farantin filastik mai kaurin milimita 0.5 wanda aka tokare daga ciki, a bi da foti kaɗan, wato ƙullun cike gibi. Foti shi kaɗai ba tare da madogara ba zai tsage. Rumfar kuma sai an samo ta daga kwalin Mk.III ko wajen masu sayar da ƙarin sassa.

Sai eriyoyin na'urar rada ASV Mk.II: sanduna huɗu a tsaye a jere a gadon baya, layi biyu na ƙanana a kowane gefen jiki wajen wutsiya, da masu kama da ƙashin kifi a ƙarƙashin fikafikai da hanci. Da su ne jirgin ya fi dacewa da laƙabin beguwa mai tashi da ake danganta wa Jamusawa. Na filastik suna yin kauri kuma suna karyewa da an taɓa. A yi sandunan da wayar tagulla mai kaurin milimita 0.5, ƙananan rassan da ta 0.2, a haɗa da dalma a kan katako inda aka manna zanen eriyar da tef. Kafin huda jiki a shimfiɗa tef a tsawon gadon baya, a ja layin tsakiya a kansa, a sa alamar ramuka huɗun da rula. Sanda ɗaya da ta kauce da rabin milimita za ta fito fili, domin ido yana bin jerin ne. A huda tun kafin fenti, amma kada a dasa sai an gama komai.

Ƙafafun ƙananan kwale-kwalen da ke ƙarƙashin fikafikai su ma suna bukatar ƙarfafawa. Mahaɗarsu ƙarama ce, ga nauyi a ƙasa. A huda kan kowace ƙafa a sa guntun waya mai 0.5 ya shiga fiffike kamar milimita 3, sannan a ja wayoyin da ke gicciye da zare mai talewa irin EZ Line, wanda ba ya saki idan ɗaki ya yi zafi.

Wajen fenti, jiragen wannan zamani sun sa launuka biyu masu duhun toka, Extra Dark Sea Grey da Dark Slate Grey, a sama, ƙasa kuma launi mai haske da ake kira Sky, daga baya rundunar sintirin gaɓar teku ta koma farin gefe da ciki domin jirgin ya saje da sararin sama a idon masu gadi a kan jirgin ƙarƙashin ruwa. Tambarin gefe ma ya canza a tsakiyar 1942, zoben rawaya da na fari suka sirance, don haka tambari da launi su dace da shekarar hoton. Fari a kan fentin farko mai toka yana cin shafi biyar ko shida har ya cike ƙananan zane. A fara da farin fentin farko, a ɗiga ɗigon toka ɗaya a cikin farin ƙarshe don kada ya yi ƙyallin firji. Zoben da ke gaban kowane inji bututun hayaƙi ne, launinsa na ƙarfen da ya sha wuta. Wajen fito da layuka a yi amfani da toka mai haske, baƙi zai dawo da duk abin da aka sha wahalar gogewa. Dattin da ruwa ke bari a layin da jirgin ke nutsewa a yi shi da fentin mai, kore da ruwan ƙasa, a ja shi da busasshen burushi.

Kamfanin Special Hobby ya fito da nasa Sunderland daga baya, har da na farkon zamani, kuma layukansa sun fi siranta. Sai dai sassansa sun fi bukatar gwaji da gyara kafin su zauna. Wanda ya fi jin daɗin samfefa a kan daidaita sassa, na Italeri ya fi masa, amma bai dace ya zama jirgi mai inji huɗu na farko da mutum zai haɗa ba.