Sarƙar taimin ta tsohuwar motar hutu: me za ka saya, me za ka bari?

Motar da nake nufi ita ce wadda Turawa ke zagaya ƙasa da ita lokacin hutu, mai gado a ciki da ɗan kicin da banɗaki, tafi-da-gidanka ke nan. A Jamus, kamfanoni irin su Hymer da Westfalia sun daɗe suna gina wannan ɗaki a kan motocin Marsandi: 207D da 307D tun daga 1977, sai 308D da 310D daga 1989, sannan Sprinter da ta fito a 1995. In sun tsufa wasu kan gangaro mana ta Kwatano, a kwashe gadon da kabad a jera kujeru, wasu kuma a bar su yadda suke. Tawa 310D ce ta 1992, mai injin gas OM602, silinda 5, lita 2.9. Saboda haka maganar ta shafi mai motar hutu, ta kuma shafi direban da ke lodi da bas mai irin wannan injin.

Abin da ke ruɗar mai saye shi ne agogon kilomita. Tawa ta zo da kilomita 140,000 da 'yan kai, wanda a wajen wannan injin ko rabin rayuwa bai kai ba, shi ya sa ban kawo sarƙar taimin a raina ba sam, wato sarƙar cikin injin da ke haɗa kiranshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar sama da ke buɗe bawul, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi) don komai ya tafi a kan lokaci. Ashe motar hutu zama ne ke tsufar da ita. Takan yi wata da watanni a ajiye, baƙin mai ya tsane daga saman injin ya koma ƙasa, ranar da aka zo tayarwa sarƙa ta fara gudu a bushe. Man ma sau da yawa yakan wuce shekara ba a juye ba, tunda mai ita na ganin ai ba ta yi tafiya ba. Ga kuma nauyi: kullum ɗauke take da ɗakinta da tankin ruwanta, ba ta taɓa tafiya wayam.

Ita sarƙa ba miƙewa take yi kamar roba ba, ko da yake haka muke cewa. 'Yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, kunkunniyar gas da ke cikin tsohon mai tana goge su kamar yashi. Kowace gaɓa ta ba da ɗan sarari, in aka tara na gaɓoɓi fiye da 100 sai sarƙar ta ƙara tsawo. Daga nan bawul ya riƙa makara wajen buɗewa da rufewa. A injinan gas na Marsandi OM616 da OM617 da OM601 da OM602 wannan sarƙar ce ke juya famfon injekta, don haka feshin mai ma makara yake yi: wahalar tashi da safe, hayaƙi fari-fari, kasala a hawan tudu. Sai kuma ƙarar nan ta cakar-cakar daga gaban injin a daƙiƙun farko na tashi. In ta kai ga tsallake haƙori ko tsinkewa, fistin da bawul ne za su yi karo, maganar kuma ta tashi daga gyaran sarƙa ta koma ta tof silinda, wato kan injin inda bawul suke, ko injin gaba ɗaya.

Kafin ka ciro ko sisi, tabbatar injinka ma sarƙa gare shi. Fiat Ducato, wadda motocin hutu da yawa ke kanta, bel take amfani da shi a injin 2.8 da 2.3, mai lita 3.0 kuwa sarƙa gare ta. Ford Transit 2.2 da 2.4 TDCi sarƙa ce. Hiace mai injin gas 3L ko 5L bel ce, mai fetur 2TR kuwa sarƙa. Sannan ka nemo lambar da ke buge a jikin injin, kada ka dogara da takardar mota, domin motar da ta shekara 30 ba mamaki an taɓa sake mata injin. A Marsandi lambobi shida na farko su ne ainihin sunansa, misali 602.980 na Sprinter 312D. Da wannan lamba ake sayen kaya.

Daga nan sai awo, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. A buɗe murfin saman injin, a sa sifana a babban notin fulin kiranshaf, a juya da hannu ta inda injin ke juyawa in yana aiki, ban da komawa baya. Akwai alama a jikin kamshaf da abokiyarta a kan mazauninsa na farko. In sun yi daidai, sai a leƙa ƙasa a karanta digirin da allura ke nunawa a jikin fuli. Sabuwar sarƙa kusa da sifili take tsayawa. A maimaita sau biyu ko uku don ido na yaudara. Tawa 8 ta nuna, sau uku a jere. A ganina wanda ya ga 2 ko 3 ya mayar da murfinsa ya kula da juyen mai, wanda kuma ya doshi 10 kada ya ɗauki doguwar hanya. A injinan Marsandi na CDI masu kwamfuta, na bayan shekarar 2000, kwamfutar gwaji kan taimaka, lambar P0016 na nufin kiranshaf da kamshaf sun saɓa, amma firikwensin da ya lalace ma na iya kawo ta, don haka ita kaɗai ba ta isa hujjar kwance injin ba.

Hanyoyin gyara uku ne. Mafi sauƙin kuɗi ita ce canza ajasta kaɗai, wato abin da ke tura sarƙa da ƙarfin mai ya hana ta sako-sako. Daga waje ake kwance shi, aikin awa ɗaya bai cika ba. In awo ya nuna sarƙa lafiya lau, ƙarar kuma ta tashin safe ce kawai, to shi ne gyaran da ya dace. In kuwa sarƙar ta riga ta tafi, sabon ajasta rufe mata baki kawai zai yi, ciwon na nan. Haka ma ɗan karkataccen makullin da ake sa wa kamshaf na OM616 da OM617, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe faifai mai haƙora a jikinsa: yana dawo da lokacin bawul daidai, amma bai mayar wa sarƙa abin da ya cinye ba.

Hanya ta biyu ita ce zura sabuwar sarƙa ta sama ba tare da buɗe gaban injin ba, kuma ita ce ta fi jan hankalin mutane. Na tsaya a kan wannan aiki na gani da idona a wata bas. Aka cire hita, wato fulogin ɗumama silinda, don injin ya yi sauƙin juyawa, aka cusa tsumma mai tsabta a ramin sarƙa don kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki, aka goge kan ƙusoshin gaɓa ɗaya aka raba tsohuwar. Sai aka ƙulla bakin sabuwa da bakin tsohuwa. Yaro ɗaya yana ƙasa yana juya kiranshaf a hankali, ogansa yana sama, hannu ɗaya na danne sabuwar a kan haƙora tana shiga, ɗayan yana jan tsohuwar tana fita, gumi na ɗiga daga haɓarsa bai ko share ba. Sakaci na ƙiftawar ido ya isa sarƙa ta zame haƙori ɗaya, lokacin famfon injekta ya ɓace. Da bakin sabuwar ya zagayo aka haɗa shi da gaɓar ƙarshe aka matse kan ƙusoshinta da na'urar matsewa.

Aiki ne mai kyau, kuma hanya ce da aka sani a waɗannan injina. Sai dai akwai abin da ba ta taɓawa. Damfa, wato dogayen robobin da sarƙa ke gogawa a kai, na ƙasa suna nan yadda suke, kuma a OM601 da OM602 ba a kai musu sai an cire murfin gaba. Roba kuwa shekaru da zafi kan kashe ta ko da kilomita bai yi yawa ba. A tsohuwar bas ta haya da aka taɓa buɗe gabanta shekarun baya, zurawa ta sama ta wadatar. A motar hutu da ba a taɓa buɗewa ba tun daga masana'anta, ban yarda da ita ba.

Na uku shi ne cikakken aiki: a sauke lagireto da fanka da fuli, a cire murfin gaba, a sa sarƙa da ajasta da damfa duka, da faifai masu haƙora na kamshaf da kiranshaf in sun ci, da sil ɗin gaba mai hana mai yoyo, da ƙaramar sarƙar famfon mai wadda OM601 da OM602 ke da ita daban. Duk ɗan acaɓa ya san ba a sa sabon cen a kan haƙoran da suka yi tsini suka lanƙwashe, don nan da nan za su cinye shi. Dokar ɗaya ce a cikin injin. Kuɗin aiki a nan ya kan fi na kaya, musamman a motar hutu irin wadda aka gina mata fuska daban, inda bonet ɗan ƙaramin taga ne, rabin injin kuma sai ta cikin ɗakin direba ake kai masa. Wannan tsadar ce ma ta sa nake cewa a yi komai lokaci guda. Ba a son sake biyan kuɗin buɗewa saboda robar da aka yi wa rowa.

Cikakken aikin na zaɓa. Da murfin ya fita, bakanike ya kira ni: “Alhaji, zo ka gani.” Ya miƙo min damfa ta ƙasa, launinta ya koma kamar na goro, sarƙa ta tsaga mata hanyoyi biyu masu zurfi. Ya ɗan lanƙwasa bakinta da yatsa biyu, ta karye ƙas kamar busasshen ƙuli-ƙuli. A kwanon mai na ƙasa muka tarar da wani guntunta da ya riga ya ɓalle, yana kwance dab da rariyar famfon mai. Na daɗe ina kallon guntun nan, domin saura kwana kaɗan in ɗauki iyali mu kama hanya.

Tunda an buɗe, a duba famfon iskar birki da ke gaban injin. Daga faifan famfon injekta yake samun motsi, kuma in boris ɗinsa ya tsufa ya watse, cikin ramin sarƙa 'ya'yan ke zubawa. Sabuwar sarƙa ba ta tsira daga wannan.

Sai batun inda za a sayi kayan. Na cikin kwalin kamfanin mota shi ne mafi tsada, amma kamfanonin mota ba su ke ƙera sarƙa da kansu ba. Akwai masu wannan sana'a, kamar iwis na birnin Munik da Tsubaki na Japan, kuma sarƙar iwis za ka ga an buga JWIS a jikin gaɓoɓinta. In ka same ta a kwalinta na asali, ka samu inganci a farashi mai sauƙi. Febi da SWAG da INA suna haɗa kit, wato sarƙa da ajasta da damfa a kwali ɗaya, wanda ke rage yawon nema. Amma ka sa a buɗe kwalin a gabanka, ko a Ƙofar Ruwa kake, ko Panteka, ko an aiko maka daga Ladipo. Kwali abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Ka duba tambarin da ke jikin ƙarfen, ka tabbatar layi biyu ce kamar tsohuwar, ka ƙirga gaɓoɓi, ka ga cewa gaɓar haɗi ta matsewa ce, ba mai ɗan kilif irin na keke ba. Sarƙar da ba ta da suna ko tambari, komai arhar ta, bar ta a kan kanta, araha ba ta ado. Tsohuwar sarƙa ko tsohon ajasta na Beljiyam kuwa ban ga dalilin sayensu ba ko kaɗan: ba ka san nawa ya rage a cikinsu ba, kuɗin sakawa kuma ɗaya ne da na sabo.

Wasu za su ce maka ka huta, sayi injin Beljiyam ka ɗora. In injinka na shan mai, ko matsinsa ya faɗi, ko sarƙa ta riga ta tsallake ta lanƙwasa bawul, shawarar na da ma'ana. In sarƙa ce kaɗai matsalar, musanya wanda ka sani za ka yi da wanda ba ka sani ba, kuma shi ma da tsohuwar sarƙa da tsofaffin robobi zai zo. In dole ne, a buɗe murfin samansa a yi awon digirin nan kafin a biya, a kuma canza damfa tun yana ƙasa, lokacin da aikin ya fi sauƙi. Mai Sprinter ta 2009 zuwa sama da injin OM651 lissafinsa daban ne, domin sarƙarsa a bayan injin take ta wajen giya, cikakken aiki sai an raba injin da giya. Ya nemi jimillar kuɗin aikin tukuna kafin ya sayi ko noti.

Bakanike ma zaɓarsa ake yi kamar kaya. Tambaya biyu sun isa: ya nuna maka na'urar matse gaɓar haɗi, ya kuma gaya maka yadda zai daidaita famfon injekta bayan an gama. Wanda ya ce da guduma da kurfi zai buga kan ƙusar, gode masa ka nemi wani. In an haɗa komai, kada a taɓa makulli sai an juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, an ji bai cije ko'ina ba, an sake duba alamomin. Sannan a wanke kwanon mai, a zuba sabon mai da sabuwar filta. Tawa da aka sake awo allura ta tsaya tsakanin sifili da 1, washegari da asuba kuma bugu ɗaya ta tashi. Yanzu ko ba ta je ko'ina ba, duk shekara nake juye mata mai, kuma duk mako biyu nakan fito da ita ta yi tafiyar rabin awa har injin ya ɗauki zafi sosai.